Haƙƙin Abin da Aka Fara

Idan iskar hunturu ta fara kaɗowa a ƙarshen watan Nuwamba, ta ratsa tsakanin duwatsun Garu ta gangaro cikin garin Dutse, har hazo ya lulluɓe kawunan dabinai, to, a yawancin gidajen da ke da mai saƙa a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu akan jawo wata jaka ko tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, don a duba abin da za a sa wa yara. Sai kuwa a tarar da rigar sanyi wadda aka gama gabanta da bayanta amma ba ta da hannu, da safa ƙafa ɗaya, da hular jariri wadda mai ita yanzu yana gudu a tsakar gida, da shawul wanda aka zare masa kwarashi aka tafi da shi wani aikin, ga zaren ulu iri-iri ya harɗe da juna har ba a gane bakinsa. Mai kayan takan dube su ta yi ajiyar zuciya, ta ce in Allah ya yarda bana za ta gama, sa'an nan ta mayar da su inda suke, ta aika kasuwa a sayo wa yaron rigar gwanjo.

Wannan abu a ido ƙarami ne, amma ni ban ɗauke shi ƙarami ba, domin halin da ya cika waccan jaka shi ne ya bar littattafan da aka karanta babinsu na farko aka rufe, da kangayen da aka kai linta aka bar wa ciyawa, da zumuncin da aka ɗauko gyaransa aka saki a hanya. Kyakkyawar ɗabi'ar da nake son in yi magana a kanta ita ce cika aiki, watau mutum ya san cewa duk abin da ya sa wa hannu ya sami haƙƙi a kansa tun daga wannan sa'a, kuma haƙƙin ba ya sauka don kawai an ɓoye abin daga ido.

Farkon kowane aiki yana da zaƙi wanda ba ya bukatar wata jarunta. Ranar da mace ta ga sabon samfuri a jikin ɗan maƙwabciya, ko a hoton da aka turo mata ta WhatsApp, ta tafi ta zaɓo zare mai kyan launi, ta ɗora layin farko a kan kibiya, a wannan rana zuciyarta tana ganin rigar a kammale, tana jin yabon da za a yi mata tun kafin a yi shi. Ashe ta riga ta karɓi rabin ladan da rai ke nema ba tare da ta biya kuɗinsa ba. Inda jarrabawa take shi ne tsakiya, lokacin da launin ya daina ba ido mamaki, layi ya zama kamar ɗan'uwansa, wuya ya ƙage, yatsu suka yi tsami, aiki kuma bai nuna alamar ƙarewa ba. A nan ne ƙosawa takan zo, kuma ba ta zuwa da kamannin kasala, domin da ta zo haka da an gane ta an kore ta, sai dai ta zo da kamannin himma, ta ce ga wani aiki can wanda ya fi wannan kyau, ya kuma fi shi gaggawa. Da haka sai mutum ya yi ta wahala, hannunsa bai huta ba ko yini guda, ga kuɗi suna fita, amma babu wanda ya taɓa jin ɗumin abin da ya saƙa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Malaman tarbiyya kuwa sun haɗa wannan ciwo da dogon buri, domin mai cewa zai dawo wa aiki wata rana ya ɗauka ke nan an ba shi tabbacin wannan rana, alhali ba a ba kowa ba.

Wajibi ne in yi adalci a nan, don kada a ɗora laifi inda babu shi. Akwai wadda zare ya ƙare mata a tsakiyar riga, ta aika kasuwar Shuwarin ko ta Dutse ba a sami irin launin ba, ko an samu amma ya ɗan sha bamban da na farko, saboda da ma ba ta da halin sayen abin da zai isa gaba ɗaya, sai ɗaya-ɗaya gwargwadon abin da ya shigo hannu. Akwai wadda haihuwa ta zo mata da wuya, da wadda jinyar tsohuwa ta ɗauke mata wata shida, da wadda idonta ya fara rauni, da wadda girki da wanki da raino suka cinye yininta har ba ta zauna ba sai bayan lisha, lokacin kuma babu wuta. Waɗannan uzurori ne na gaskiya, kuma Allah ba ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Maganata tana kan wadda ta sami zare da lokaci da lafiya na fara abu na bakwai, alhali na farko yana jiran hannu guda.

A karatunmu na zaure akwai wata mas'ala da ta dace da wannan wuri ƙwarai. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita muka gada a ƙasar nan, azumin nafila ba a tilasta wa kowa shi ba, mutum yana da ikon ya yi ko ya bari. Amma da zarar ya ɗaura niyya ya shiga, to, ba shi da ikon ya karya haka kawai, in kuwa ya karya da gangan ba da uzuri ba, sai ya rama, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya sani. Ban ce saƙar safa ibada ce irin azumi ba, ban kuma ce wadda ta ajiye kwarashi ta yi zunubi ba. Abin da nake nufi shi ne ladabin da ke ƙarƙashin hukuncin, cewa 'yancin mutum yana da faɗi kafin ya fara, yana kuma ƙuntata bayan ya fara, saboda haka wurin yin dogon tunani shi ne bakin ƙofa. Ya kuma inganta a Buhari da Muslim, ta hanyar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita ɗan aikin da aka lizimta a kan mai yawan da ake yi a yanke. Layi biyar kullum bayan la'asar sun fi kai riga ga wuyan yaro a kan kwana guda da aka raba dare ana saƙa sa'an nan aka yi wata uku ba a waiwaya ba.

Abin ya fi nauyi idan kayan na wani ne. Mu duba ɗinkin hula, wanda maza da mata da yawa a garuruwa da ƙauyukan tsakiyar Jigawa suke rufa wa kansu asiri da shi: mai hula yakan kawo farin ƙyalle wanda mai zane ya riga ya fitar wa da tsari, ya haɗa da zare, wani lokaci har da kafin alƙalami, a yi alkawari kafin Salla. In mai ɗinki ta karɓi ta wannan, ta karɓi ta wancan, ta ƙara da ta uku don kada kuɗin su wuce ta, sai ka ga hular farko ta yi wata da watanni a ninke da allura soke a jikinta, har allurar ta yi tsatsa ta bar tabo, zanen ya dushe saboda gumin hannu, ƙyallen ya koma ruwan ƙasa, zaren da aka ware mata kuma an ɗan ciri wani abu an cike wata da shi, da niyyar za a mayar. Mai hula ya aiko yaro, a ce masa, “Ka ce wa babanka saura kaɗan.” Ya sake aikowa, a ce, “Wallahi gindin kawai ya rage.” A nan fa ƙosawa ta haifi saɓa alkawari, saɓa alkawari ya haifi ƙarya, ƙarya ta jawo rantsuwa, duk a kan abin da bai kai tafin hannu biyu ba. Ba banza ba malaman Malikiyya suka ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su su yi aiki a kai, domin sun lura cewa in ba a yi haka ba dukiyar mutane za ta salwanta a hannun maɗinka da marina da masaƙa, kowa yana cewa ba da gangan ba ne. Jaririn da aka yi wa niyyar riga shi ma yana da nasa haƙƙin, ko da ba zai aiko kowa ba, domin girmansa ba ya jiran mai saƙa, sanyin Disamba da Janairu kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

To, yaya mutum zai yi da jakar da ta riga ta cika? Ba na ganin daidai ne ya rantse zai gama kome da kome, domin wannan ma wani sabon buri ne aka fara, kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Abin da ya kamata shi ne a zazzage jakar a kan tabarma da rana tsaka, a ɗauki kowane abu a yi masa hukunci na gaskiya. Wanda yake kusa da ƙarewa, kuma akwai mai bukatarsa, a sa shi gaba shi kaɗai, a haramta wa kai sayen sabon zare sai an datse bakin zarensa an ɗaure.

Wanda kuwa mutum ya san a ransa ba zai koma masa ba, alhali aikin yana da kyau, to, ya miƙa shi ga wani, kuma babu abin kunya a cikin haka. Girman kai ne kawai yake raya wa mutum cewa abin da ya fara ba mai taɓa shi sai shi. Kowace shekara da azumi, a masallatan Dutse da sauran garuruwanmu, ana buɗe Tafsirul Jalalaini ana karanta wa jama'a, amma ba kowa ne yake tuna cewa hannu biyu ne suka rubuta shi ba. Jalaluddinil Mahalli ya fassara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya dawo ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a Misira a shekara ta 864 bayan Hijira, watau 1459. Littafin ya zauna rabi har wajen shekara shida, sa'an nan almajirinsa Jalaluddinis Suyuɗi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗauka daga Baƙara zuwa Isra'i, ya cike giɓin cikin kwana arba'in, yana bin salon malaminsa sau da ƙafa har mai karatu ba ya jin inda aka yi gami. Malamin mutuwa ce ta tsayar da shi, ba ƙosawa ba, wannan kuwa bambanci ne babba. Amma abin lura shi ne ya bar aikinsa a tsare, a hannun da zai iya ɗorawa, shi ya sa yau fiye da shekara ɗari biyar ana shan albarkarsa. Haka ya kamata rigar da ba ta da hannu ta tafi wurin ƙanwa ko 'yar maƙwabta mai koyon saƙa, tare da ragowar zarenta da bayanin yadda aka faro ta, yarinyar ta sami abin koyo, wani yaro kuma ya sami sutura.

Saura wanda tun asali an kuskure awonsa, ko zamaninsa ya wuce, ba mai so. Wannan a warware shi. Na san mata da yawa suna jin nauyin haka, wasu ma sukan kawo ayar nan ta 92 a Suratun Nahli, inda Allah Maɗaukaki ya buga misali da macen da take warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Amma wanda ya duba tafsiri zai ga ayar tana gargaɗi ne a kan warware alkawari da rantsuwa bayan an ƙulla su, kuma abin zargi ga waccan mace shi ne ta rushe abin da ya riga ya inganta, ta mai da wahalarta aikin baban giwa. Wadda ta warware saƙar da ba za ta amfani kowa ba, ta naɗe zaren ya koma dunƙule, ta fitar da hula biyu daga cikinsa, ba ta shiga wannan zargi ba, hasali ma ta kuɓutar da dukiya daga almubazzaranci, domin barin ulu a ƙarƙashin gado har ƙura da ɓera su gama da shi shi ne ɓarnar. Iyayenmu mata da suka yi kaɗi da mazari, suka san wahalar gurzar auduga da shiɓa kafin a sami abawa guda, ba su yarda ko taƙi ɗaya na zare ya tafi a banza ba.

Kayan mutane kuwa ba sa shiga wannan zaɓi, domin ba mai ɗinki ce take da ikon bayar da su ko warware su ba. In za ta iya gamawa, ta sa rana wadda ta tabbata za ta cika, ta kuma faɗi ranar; in ba za ta iya ba, ta haɗa ƙyallen da zaren da abin da ta karɓa na kafin alƙalami, ta biya zaren da ta taɓa, ta aika ko ta sa mai gidanta ya kai, a ce wa mai shi, “Malam, ga kayanka, abin ya fi ƙarfina, ka yafe mini jinkirin da na yi maka.” Zai yiwu ransa ya ɓaci, zai yiwu ya kai aikinsa wani gida daga ranar, amma ya sami damar ba wani ya gama masa kafin Salla. Kafin a kai ga haka ma, ya kamata kowace hula da kowane ƙullin zare na amana a maƙala masa 'yar takarda mai sunan mai shi da abin da ya bayar, domin in ta Allah ta kasance, magada ba su da hanyar rarrabe na marigayiya da na jama'a, sai su raba duka a cikin gado ba da saninsu ba.