Zakaran da Allah Ya Nufa da Cara

Hausawa na cewa, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san inda maganar ta dosa. Kaza kan ƙyanƙyashe 'yan tsaki da yawa, amma kaɗan ne ke kai girma. Shaho na kawo sura da rana tsaka, muzuru kuwa sai dare ya raba yake lallaɓowa har cikin akurki. Ɗan tsako ba shi da ƙarfin kare kansa daga ko ɗayansu. Wanda ya rayu har ya yi cara, ba dabararsa ce ta kai shi ba, nufin Allah ne.

A tarihin Kiristocin Afirka, da wuya a sami wanda wannan magana ta fi dacewa da shi kamar Samuel Ajayi Crowther. Yana yaro ɗan shekara goma sha 'yan kai maharan bayi suka afka wa garinsu Osogun a ƙasar Yarbawa, wajen 1821. Aka raba shi da mahaifiyarsa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har ya faɗa wa fataken bayi na Fotugal a gaɓar Legas. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ya ɗauko su, aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya shiga sahun farko na ɗaliban kwalejin Fourah Bay a 1827. A 1846 ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta, bayan rabuwar kusan shekara 25. A 1864 kuma aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da ya hau wannan matsayi a Cocin Angilika.

Sai dai masu karin maganar sun ambaci maƙiya biyu. Na farko ya zo wa Ajayi daga waje, na biyu daga cikin gida. Da tsufa ya cim masa, wasu matasan Turawan mishan suka iso bakin kogin Neja inda yake aiki, suna ganin baƙin mutum bai isa ya ja ragamar ikilisiya ba. A wani taro da aka yi a Onicha a 1890 suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka a gaban idonsa. Bai rama ba, bai kuma bar coci ba, har ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Aikinsa kuwa ya tsaya daram: Littafi Mai Tsarki cikin Yarbanci, da littattafan koyon Ibo da Nufanci, da tashoshin bishara har Lakwaja. A 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadamar cocin kan wulaƙancin da aka yi masa.

Haka labarin Josephine Bakhita ta yankin Darfur a Sudan. An sace ta tana ƙarama, ta sha duka da azaba a hannun iyayengiji daban-daban, har ƙaddara ta kai ta Italiya. A 1889 kotu ta yanke cewa ita ɗiya ce, ba baiwar kowa ba. Aka yi mata baftisma a 1890, ta zama sista, ta yi shekaru tana girki da tsaron ƙofa a gidan sistoci na garin Schio har rasuwarta a 1947. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda ta yafe wa waɗanda suka sace ta da zuciya ɗaya. A shekarar 2000 Paparoma John Paul na Biyu ya sa ta cikin jerin waliyyai.

Wasu kan fake da wannan karin magana su naɗe hannu, wai abin da zai zo zai zo. Rayuwar bayin Allahn nan biyu ta ƙaryata wannan fahimta. Ajayi ya duƙufa kan karatu, ya yi ta hawa da sauka a kogin Neja, yana zama da sarakuna irin su Etsu Masaba na Bida cikin ladabi da girmamawa duk da bambancin addini. Bakhita ta buɗe baki ta ce ba za ta koma hannun uwargijiyarta ba. Bangaskiya ce ta ba su ƙarfin tashi, ita ce kuma ta hana ɗaci ya yi musu sheƙa a zuci, domin wanda ya tabbata rayuwarsa na hannun Allah ba ya ɓata kwanakinsa wajen ramuwa.

Saboda haka, kai da duniya ta juya wa baya, kada ka yanke ƙauna, kada kuma ka zauna. Yi aikin da ke gabanka da gaskiya, ka bar wa Allah sakamako. Kai kuma mai iko, ji tsoron Allah a kan maraya da bara da ɗan gudun hijira, domin ba ka san abin da Ubangiji ya nufe su da shi ba.