Kazar da ta fara gyangyaɗi, ina za a kai ta?

Hunturu ya shigo, kuma duk mai akurki a bayan ɗakinsa ya san abin da iskar nan take zuwa da shi. Tambayar da zan tattauna a wannan fitowa wata dattijuwa ce ta kawo mini ita har shago, bayan na dawo daga la'asar, tana riƙe da hannun jikanta.

Ta ce, "Malam, kajina 14 ne. Shekaranjiya ɗaya ta mutu, jiya biyu suka bi ta. Sauran dai suna kiwonsu, sai guda biyu da na ga suna gyangyaɗi. Da su nake son in biya wa yaron nan kuɗin makaranta. In na ba shi ya kai su Muda Lawal gobe da sassafe, tun ba su zube ba, na ci haram?"

Na ce, "Inna, ki ba ni zuwa magariba." Hukuncin na san shi. Kunya ce ta kama ni, domin ni ma na taɓa yin abin da take tambaya a kai, kuma ni ko tambayar kowa ban yi ba.

Shekaru da dama da suka wuce, ina dawowa daga fatauci, na ga wani jan zakara a wata kasuwar ƙauye, ana sayar da shi da arha. Arhar ma ya kamata ta sa in tsaya in yi tunani. Na saya, na iso gida da dare, na jefa shi cikin kajin iyali. Kafin mako ya zagayo sai ga koren kashi a tsakar gida, wannan tana haki baki buɗe, waccan wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Da asuba na tattara masu sauran kuzari na aika da su kasuwa. Na ce wa zuciyata ai ban yi wa kowa ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni. Bayan 'yan kwanaki kajin maƙwabcina, waɗanda suke tono juji ɗaya da nawa, suka ƙare kaf. Na ji iyalinsa ta katanga tana cewa annoba ce, daga Allah take. Na yi shiru. Wannan shirun har yau yana damuna.

Ɓangaren farko na tambayar Inna ba shi da wuya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya wuce babin ciniki, ya ga an hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja. Kuma mun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi masa faɗa a kan ha'inci. Kazar da ka san ta fito daga akurkin da ake mutuwa, ka wanke mata ƙafa ka miƙa ta a matsayin lafiyayya, danshin nan ne ka tura ƙasa.

To amma mu 'yan kasuwa muna da ƙofar fita, kuma ita ce ta fara zuwa mini a rai. Sai a faɗa wa mai saye gaskiya, a rage masa kuɗi. Ya ji, ya gani, ya yarda, ciniki ya faɗa. Haka muke yi da yadin da ya sami tabo ko buhun da ɓera ya huda, kuma babu laifi. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in ga inda ya karkace. Tabon yadi yana nan jikin yadin, ba ya tashi ya koma kan rigar wani. Wannan ciwon kuwa tafiya yake yi. Likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan shi tun wajen 1926. Yana bin kashin kaza da majinarta da ruwan da ta sha, yana manne wa keji da takalmin mai kaji. Abin da ya fi muni, kaza tana iya ɗauke da shi kwanaki tana kiwonta ras kafin ta nuna alama. Ke nan waɗanda Inna take gani lafiyayyu, su ne za su kwana a keji ɗaya da kajin mutum ashirin, a watsa su gidaje daga Wunti har Yelwa.

Mai saye ya yarda, na ji. To maƙwabciyar mai sayen fa, wa ya tambaye ta? Yardar mutum biyu ba ta halatta cutar da na uku. Abin da na fahimta ke nan daga hanin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa mai raƙuman da ba su da lafiya kada ya kawo su cikin lafiyayyun raƙuman wani. Masu cewa ai komai ƙaddara ne, su tuna Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji an yi annoba a can, kuma babu wanda zai ce ya fi shi tawakkali.

Akwai kuma wani tsoron. Da ido ba ka iya rabe wannan ciwo da murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta iso mana nan Bauchi, har ta kashe wata mata a Legas a farkon 2007. Saboda haka in kaji suna zubewa tuli a kwana ɗaya ko biyu, a bar maganar yi musu yankan gaggawa a jefa a tukunya. A kira likitan dabbobi. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a wurga ta kwata ko juji inda kajin mutane suke tono.

Duk wannan faɗarsa da sauƙi ga mai shago. A nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Kaji su ne asusun matan unguwar nan. Da su ake sayen maganin zazzaɓi, da su ake fita kunyar baƙo da ta biki. A 2006 waɗanda gwamnati ta kashe wa kaji an yi musu alkawarin diyya. Inna kuwa babu ofishin da zai biya ta ko sisi. In muka ce mata ta rufe akurkinta ta zuba ido dukiyarta ta ƙare, don amfanin wa za ta yi? Don kajina da naka su tsira. To wane adalci ne mutum ɗaya, mafi rauni a cikinmu, ya biya kuɗin lafiyar kajin unguwa guda? A ganina, wanda ya hana ta zuwa kasuwa da fatawa, ya ɗauki wani kaso na asararta a wuyansa. Iyayenmu da suka zo suka kafa unguwar nan baƙi ne, jarinsu amana da taimakon juna, kuma da su aka yarda aka zauna da su.

Wani abin takaicin shi ne asarar tana da makari, kuma ba tsada. Mun saba jiƙa gautan kura ko barkono ko ɓawon maɗaci, wasu kuma su fasa kafso ja da yalo a ruwan sha. Ban raina abin da muka gada ba, amma kafso ba ya kashe irin wannan ƙwayar cuta, kaɗan da suka tashi ƙarfin jikinsu ne da nufin Allah. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, can kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana yin rigakafinsa, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Lafiyayya ake yi wa, kafin sanyi ya shigo, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma in an haɗa ta ba ta ajiyuwa, shi ya sa kowa yake ƙyalewa. Gida goma in suka haɗa kai, magana ta ƙare. Sabuwar kaza kuma, ko kyauta aka ba ka, ka ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Da na yi wa jan zakaran nan haka!

Da magariba na je na same ta. Na ce, "Inna, kada a kai su. Ki rufe su, ki ware masu gyangyaɗin, gobe zan turo mai duba su." Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, makarantar fa?" Na ce wannan tamu ce. Bayan isha'i na yi wa jama'ar masallaci bayani ba tare da na kama suna ba, na fara ajiye nawa, wanda ni na san bashin tsohon maƙwabcina ne nake ragewa. Abin da aka tara ya biya kuɗin yaron har da ɗan saura.

Cikin 11 da suka rage mata, uku ne suka tashi. Sauran kuɗin yana hannun ladan, da shi za a sayo rigakafin farko. Duk gidan da yake so, ya ba shi suna da yawan kajinsa kafin Juma'a, a kuma bar su a rufe ranar da za a zo, don yaran da za su zagaya ba za su iya tseren kaza a lungu ba.