Tabarmar Bakin Hanya: Azumin Ramadan a Ƙasashen Musulmi

 

An farlanta azumin Ramadan a Madina cikin watan Sha'aban, shekara ta 2 bayan Hijira. Tun daga ranar hukuncinsa ɗaya ne ga Balarabe da Ba'ajame: a ƙudura niyya, a kame daga ketowar alfijir har faɗuwar rana. Amma kowace al'umma ta kewaye wannan farilla da al'adunta, kuma mai hankali yakan auna al'ada da irin hidimar da take yi wa ibada.

Dubi tashin sahur. A zamanin Manzon Allah (SAW) kiran salla biyu ake yi. Bilal yakan kira da sauran dare don mai barci ya farka, Ibn Ummi Maktum kuwa, wanda makaho ne, ba ya kira sai an ce masa alfijir ya keto. Aikin nan na Bilal bai mutu ba. A Misira akwai musahharati, mai zaga lunguna da 'yar ƙaramar ganga yana kiran mutanen unguwa da sunayensu. A Turkiyya da babbar ganga ake yi, a Maroko kuwa naffar ke busa wani dogon ƙaho mai kama da kakakin sarakunanmu. Samarinmu masu kiɗan gwangwani da tsakar dare, ko sun sani ko ba su sani ba, 'yan wannan zuri'a ne.

Abin buɗa baki ma haka. Sunna ita ce dabino, in babu sai ruwa. Bayan nan kowa da kiwon da ya karɓe shi: mutumin Fas da romon harira, mutumin Jakarta da ayaba dafaffiya cikin madarar kwakwa, mu kuma da kunun tsamiya da ƙosai. A Alƙahira har igwa ake harbawa in rana ta faɗi. Can ƙuryar arewacin Norway, a garin Tromso, inda rana ke shafe kusan wata biyu ba ta faɗi ba a lokacin zafinsu, Musulmi da dama kan bi lokutan Makka bisa fatawar malamai, domin addinin bai zo da ƙunci ba.

Sai dai a cikin duk abin da na sani na al'adun wannan wata, babu wanda ya kama zuciyata kamar na mutanen Sudan. Tun cikin Sha'aban mata ke haɗa hilu-mur: a tsirar da dawa, a niƙa, a zuba kayan ƙamshi, a gasa ta falle-falle, in azumi ya kama sai a riƙa jiƙawa ana tacewa. Idan magariba ta gabato, maigida ba ya zama a ɗaki. Yakan fito da tirensa ƙofar gida, maƙwabci ma ya fito da nasa, a haɗa a tabarma ɗaya, har ba a gane akushin mai hali da na talaka. A ƙauyukan Jazira, kan hanyar Khartum zuwa Wad Madani, dattawa da samari kan tsaya tsakiyar titi suna kaɗa rawunansu, su tare motoci, su rantse sai matafiya sun sauko sun sha ruwa. Direba ya ce yana sauri, su ce ba a wuce su da azumi a baki. Wannan ita ce fahimtar ladan ciyar da mai azumi a aikace, domin sun ɗauki baƙo a matsayin rabo da ake rige-rigen samu.

Abin baƙin ciki, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan ya faro, kuma Jazirar nan ta ɗanɗana kuɗarta. Miliyoyi sun bar gidajensu. Masu tare hanya don su ciyar, da yawansu yau su ke bin layin takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka da 'yan unguwa suka kafa. A Sudan fa akwai 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani, jikokin mahajjata da masu hijira, irin na garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya kai mu watan, fito da kwanonka zaure ko ƙofar gida, ka kira almajiri da ɗan ci-rani da matafiyi su zauna tabarma ɗaya da kai. Kuma a lokacin shan ruwa, sa'ar da ba a mayar da addu'ar mai azumi, ka ambaci mutanen Sudan. Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, amin.