Muryar da Ɗanka Ya Fi Sani

Bari in kai ka wani falo a Nassarawa GRA cikin Kano, a ɗaya daga cikin gidajen nan masu doguwar katanga da ke kusa da Sultan Road. Ƙarfe shida na yamma ne. Uwargida ta dawo daga aiki a gajiye, tukunya tana kan wuta, maigida kuwa yana can cikin cunkoson motoci. Yaro ɗan shekara biyu yana zaune a kan darduma, ya ƙura wa talabijin ido, baki a buɗe. Tun da hantsi 'yar aiki ta kunna masa katun, har yanzu ba a kashe ba. In ka kira sunansa, sai ka kira sau uku kafin ya waiwayo. Watakila ma ba sai na kai ka can ba, don ka san falon sarai.

Za ka ce, to, ina laifin? Ba a dake shi ba, ba a hana shi abinci ba, ga shi a zaune lafiya. In kuwa ka kashe akwatin, sai ya yi ta birgima yana ihu kamar an yanka shi. Daidai ne ka sa ƙaramin yaro kuka saboda wani amfani da shi bai san da shi ba, kai ma ba za ka gan shi ba sai bayan shekaru?

Iyayenmu ba su sha wannan wahala ba, kuma ba don sun fi mu hikima ba. Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. Ko da aka kafa NTA a 1977, aka kuma buɗe CTV a Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sai da yamma tasha ke buɗewa, da dare a rufe da taken ƙasa. Abin da tasha ta rage, NEPA ta ƙarasa. Iyaka tana zuwa daga waje, ba sai uba ya buɗe baki ba. Yau akwai janareta, akwai sola, akwai tashoshin da ke nuna katun dare da rana. In ba kai ka ce ya isa ba, babu mai cewa.

Wani abu kuma ya tafi, wanda ya fi wannan ciwo. A babban gida na dā, yaro yana buɗe ido cikin hayaniya: kaka tana masa kirari, yayye suna ɗaukarsa, maƙwabciya tana tsokanarsa, da dare a ce ga ta nan ga ta nanku, ya amsa tun bai iya faɗin kalmomin daidai ba. Ana cewa ɗa na kowa ne. A bayan katangar GRA, kowan nan ya ragu zuwa mutum biyu ko uku, dukansu da aiki a hannu. Gurbin da kaka ta bari ne talabijin ta shiga.

Amma ba ta iya aikin kaka ba. A 2003, Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun wallafa wani gwaji. Sun ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Wasu aka zaunar da su sau 12 tare da mutanen da ke musu wasa da magana da harshen Sinanci, wasu kuma aka nuna musu masu maganar a bidiyo. Na farkon sun koyi bambanta sautukan harshen. Na bidiyon ba su koyi kome ba, kamar ba a taɓa yi musu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta taɓa goyo: yaro yana yin gwalan-gwalan, uwa ta amsa, ya dube ta, ta dubi abin da yake nunawa ta faɗi sunansa. Akwatin ba ya jira, ba ya amsawa, bai ma san yaron yana wurin ba. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi.

Ka tuna da Timoti. Manzo Bulus ya shaida cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai masu tsarki, ya kuma ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki da suna. Bangaskiyar nan daga baki ta shiga kunne, a kan cinya, a tsakar gida. Ɗan da Ubangiji ya ba ka amana ne, kuma shekarun da yake koyon muryar da zai amince da ita kaɗan ne ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ka ɗauki wannan magana ka mai da ita bulala a kan matarka. Na sha jin maza suna faɗa a kan katun, alhali su ba su taɓa riƙe yaro na rabin sa'a ba. Uwar da ta kunna wa ɗanta talabijin don ta sami damar tuƙa tuwo ba ta yi zunubi ba, hannu ne ya yi mata kaɗan. In kana so a kashe akwatin, kai ne za ka zauna a gurbinsa. Ka kuma dubi wayar da ke hannunka. Yaron da ke jan rigarka kana kallon Facebook yana koyon darasi, ko ba ka yi niyyar koya masa ba.

Ku zauna ku biyu ku tsai da lokaci, ku gaya wa 'yar aiki da ladabi, ku kuma ba ta abin da za ta yi da yaron a madadin, ko da murafan tukwane ne da ludayi. A kashe lokacin cin abinci, da lokacin addu'ar iyali, da kafin barci. Abin da za a kalla, ka kalla tare da shi, kana tambayarsa, yana nuna maka.

Zai yi kuka a daren farko, da na biyu, watakila har mako guda. Kada ka tsawata masa, don ba shi ya kunna wa kansa ba tun farko. Ka ɗauke shi ku fita tsakar gida, ka nuna masa ƙadangare a jikin katanga, ka bar shi ya gaida mai gadi. In ya nuna wani abu da yatsa, ka tsaya ka faɗa masa sunansa.