Ilimin da aka haƙo a ƙasar ƙwace

A garin Lead, jihar Dakota ta Kudu a Amurka, akwai tsohuwar mahaƙar zinariya mai suna Homestake. Tun 2002 aka rufe ta, amma har yau ana saukar da mutane kusan mita 1,500 ƙarƙashin ƙasa. Masana kimiyya ne, kuma shiru suka je nema. Dutsen da ke bisa kansu yana tare ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya, kamar yadda muke toshe ɗakin watsa shiri don kada hayaniyar titi ta shiga makirfo.

A ƙarshen shekarun 1960 Ray Davis ya girke a can wani tanki mai ɗauke da sama da tan 600 na sinadarin wankin tufafi. Yana farautar nutirino ne, ƙwayar da ke fitowa daga rana ta ratsa duniya kamar babu komai a gabanta. Kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya nuna kawai ya kama. Aka yi ta zargin kuskure, ashe nutirinon ce ke sauya kama a hanya. A 2002 ya samu kyautar Nobel. Ina son labarin nan, na mutumin da bai gyara sakamakonsa don ya faranta wa kowa ba.

Sai dai ramin yana da masu shi. Yarjejeniyar 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota waɗannan tsaunuka na Black Hills. Da aka ga zinariya, gwamnati ta ƙwace su a 1877.

To, mai karatu, ilimin da ya fito daga nan halal ne? Wani abokina ya ce lissafi ba ya ɗaukar dauɗa, kuma Davis bai kori kowa ba. Na yarda da shi rabi. Adadin nutirino ba zai canja ba ko da wa ya mallaki dutsen. Amma da ba a ƙwace ba, da ba a haƙa ba, da Davis bai samu shirun da ya yi aiki a cikinsa ba. A ganina wanda ya ci moriyar rami ya gaji bashin da ke kansa, ko da ba shi ya ci ba.

A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin na nan ajiye a asusun gwamnati, sun hayayyafa har sun haura dala biliyan 1.