Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Gargaɗi Ga Masu Neman Jiki A Cikin Kwalba

Akwai wata cuta da ke bin samari da 'yan mata a Khartum da Omdurman, kuma da ƙafarsu suke zuwa su saye ta da kuɗinsu. Saurayi yana son ƙirji da damtse cikin wata guda, budurwa tana son ta ciko kafin ranar biki, sai a miƙa wa wannan allura, a miƙa wa waccan ƙwaya. Yaranmu Hausawa na unguwannin Mayo da Ingaz a cikin garin nan suka tashi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka dole a yi magana tun da sauran dama.

Halin da ake ciki ya ƙara buɗe wa ɓarnar ƙofa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa gidaje, ya jefa miliyoyin mutane cikin yunwa da gudun hijira. Tun da soja suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 jama'a suka fara komowa, da yawa a rame. Yaƙin ya durƙusar da masana'antun magani na Bahri, sa ido ya yi rauni, magani na shigowa ta kowace kafa. Wanda ya rame yana ɗokin murmurewa, masu cinikin ƙwaya kuwa sun san wannan ɗoki sarai.

Ga yadda ake farautar yaro. Ya yi mako uku yana ɗaga ƙarfe, ya tsaya gaban madubi ya lanƙwasa hannu, bai ga komai ba. Sai mai horarwa da ake kira kyaftin ya dafa kafaɗarsa, ya ce jikinsa na da kyau, taimako kaɗan yake buƙata. Ya ja shi gefe, ya buɗe jaka: ƙananan kwalabe masu rubutun da yaron ba ya iya karantawa, da sirinji, da ƙwayoyi cikin leda. Ba takardar likita, ba gwajin jini, ba wanda ya san inda aka haɗa su. Abin da aka faɗa masa kawai shi ne farashi da yawan makonni.

Ba a faɗa masa cewa idan aka ɗura wa jiki sinadarin maza daga waje, irin su Deca-Durabolin da Dianabol, jiki yana daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani ma nono ya fito masa. Na haɗiya suna cin hanta. Jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri, fushi ya zo ba dalili. In kuma sirinji ɗaya ya zaga samari uku, ciwon hanta da ƙanjamau sun sami hanya. Ranar da kuɗi suka ƙare aka daina, naman ya fara zubewa, kasala da ƙuncin rai su sauka. Mutumin da ya so a kira shi ƙaƙƙarfa sai ga shi bayan aure yana yawon asibiti neman haihuwa.

Na mata ya fi ban tausayi, domin sau da yawa a cikin gida ake tura su. A Sudan ana kiran ƙwayar abu najma, a ƙasar Hausa muna cewa sha-ka-fashe, kuma yawanci Dexamethasone ce, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Magani ne na gaske, likita yana bayar da shi ga mai asma ko kumburi, a kan ƙa'ida, na ɗan lokaci. Wadda ta sha don ƙiba kuwa, ruwa da kitse ne ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya. Dubi amaryar da kyau: kumatu sun yi tantsan, ana ta yabawa, amma ƙafafu sun sirance, fatar ciki ta tsattsage, hawa bene yana sa ta haki. A ƙarƙashin wannan cikar akwai ciwon suga, hawan jini, ƙashi mai saurin karyewa da jikin da ba ya iya kare kansa daga cuta.

Abin takaici, garin nan ba ya rasa abin koyi. Shekara da shekaru kafin yaƙin, duk Juma'a da la'asar, jama'a kan cika filin kokawar Nuba da ke Haj Yusuf. Duk wanda ya san kokawa ko dambe a gida ya san cewa minti uku na cikin fage shekaru ne na gudun asuba da atisaye cikin rairayi, da faɗuwa da tashi. Isma'il Ahmad Isma'il ya kai zagayen ƙarshe na tseren mita 800 a gasar Olamfik ta 2004 a Girka, ya dawo hannu wofi. Ya koma fili ya ƙara shekara huɗu, sannan a 2008 a Beijin ya zo na biyu bayan Wilfred Bungei na Kenya, ya kawo wa Sudan lambar Olamfik ta farko a tarihinta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Jiki yana da tsarinsa, kuma ba ya karɓar cin hanci. Ka wahalar da tsoka yau, ka ba ta abinci da barci, ta gyaru ta ƙara ƙarfi kaɗan, jibi ka sake. A makonnin farko ƙarfi ne ke ƙaruwa kafin ido ya ga canji, kuma a daidai nan ne masu gaggawa ke karaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan bai fi ƙarfin talaka ba. Tafiya mai sauri bayan sallar asuba kafin zafin Khartum ya taso, ful da adas da ƙwai da madara da dabino gwargwadon hali, barci isasshe. Wanda ya riƙe kwana uku a mako har shekara ya yi wa mai kwana bakwai na sati biyu nisa.

Ku masu horarwa, ku ji tsoron Allah. Yaron da ya kira ka kyaftin amana ce a hannunka. Aikinka ka gyara masa tsayuwa, ka hana shi ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, ka neme shi ranar da bai zo ba, ka faɗa masa gaskiya cewa abin zai ɗauki watanni. In ka mayar da shi kasuwar allurarka, alhakin hantarsa da zuriyarsa yana wuyanka. Masu kantin magani, kada ku bayar da waɗannan ba da takardar likita ba. Iyaye mata da gwaggwanni, ku daina yi wa yarinya gorin rama, domin gorin ne ke kai ta hannun mai ƙwaya.

Wadda ta riga ta daɗe tana shan abu najma kada ta yanke rana ɗaya, hakan na iya kashe ta. Ta je wurin likita a rage mata a hankali. Saurayin da ya fara allura shi ma ya je a duba jininsa da hantarsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya sha. Wanda bai fara ba kuwa, duk ranar da wani ya yi masa alkawarin sabon jiki cikin kwana talatin, ya tashi ya bar wurin, kuma ya gargaɗi na kusa da shi. Yaƙi ya riga ya ɗauke mana matasa masu yawa. Waɗanda Allah ya bar mana, ba za mu zuba ido sirinji da ƙwaya su ƙarasa su ba.