Zafin Rai Gado Ne?

Ya ɗan'uwana, watakila kana cewa, "Zafin raina gado ne, haka ubana yake, hali zanen dutse." Da gaskiya a cikin maganarka. A Amurka, tun 1979, masana suka bincika tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, suka iske halinsu ya yi kusa ƙwarai, amma bai zama ɗaya ba. Gama goyo da abokai suna da nasu rabo. Duk da haka hannun da ya mari matarka jiya naka ne, ba na ubanka ba. Ɗanka kuwa yana bakin ƙofa yana kallo, yana koyon abin da shi ma zai kira gado. Tashi ka roƙe ta gafara a gabansa, kana ka durƙusa ka nemi taimakon Ubangiji Yesu.